Kafaɗun da Suka Ɗauki Baba

Ni malamin fizik ne a wata makarantar sakandare a Parakou. Kowace shekara nakan zana akwati a allo, in ja masa kibiyoyi, in ce wa ɗalibai: wannan akwatin nauyinsa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. In yana zaune, haka zai yi ta zama har Mahadi ya bayyana, sai fa in wani abu daga waje ya ture shi ko ya ja shi. Ku tara ƙarfin da ke turawa gaba, ku cire wanda ke ja baya, abin da ya rage ku raba shi da nauyin akwatin, shi ne gwargwadon yadda saurinsa zai riƙa ƙaruwa. Shi ke nan dokar, ba ta fi haka ba. Amma duk shekara sai an sami mai kunnen ƙashin da zai rubuta mini a jarrabawa cewa akwatin ya tafi ne don ya so tafiya. Da can nakan wanke irin wannan yaro tas a gaban aji, don ni ba ni da haƙuri, kuma na san inda na gado rashin haƙurin.

Wurin Baba na gado shi. Gidanmu a Djougou gidan fataken goro ne tun kaka da kakanni, amma Baba tun yana saurayi ya ce shi ba zai iya zama a rumfa yana yayyafa wa goro ruwa ba. Ya tattara ya koma Parakou, ya shiga dako a Gar, tashar jirgin ƙasa. Dangi ba su taɓa yafe masa wannan ba, wai ɗan gidan fatake yana yawo da gammo a kai. Shekara talatin da wani abu ya yi a can, har ya zama shi ne shugaban 'yan dako. A Parakou aka haife ni, kuma tun kafin in ga wannan doka a littafi na gan ta a Gar.

A lokacin jirgi yana zuwa sosai. Sau da yawa inji yakan bar tarago nesa da sito, cike da siminti ko dilolin auduga, sai 'yan dako su tura shi da hannu. Baba ba ya bari a taɓa tarago sai ya zagaya shi tukuna. Ya duba ko an saki birki, ya ture duwatsun da ke kan dogo da ƙafa, sannan ya jera mutanensa. Yakan ce musu, "Tarago ba zai rage nauyi don ya ga gemunka ba. Ku takwas ɗin nan in kun tura wuri ɗaya kun fi ashirin da kowa ya nufi gidan ubansa." Sai ya daka tsawa, "Kafaɗa!" Kowa ya jingina. "Tashi!" Da fari kamar ba abin da ya faru. Can sai ka ga ƙafar ƙarfen ta ɗan juya, tarago ya fara rarrafe, ya koma tafiya, in ba a janye hannu ba ya koma gudu. Tsayar da shi ma wani aikin ne, don yadda bai tashi da kansa ba, haka ba ya tsayawa a inda ake so da kansa.

In kuwa dogon kaya ne na kafaɗa, kamar katako ko ƙarfen dogo, to da tsawo yake haɗa mutane. Dogo da dogo, gajere da gajere. Ya ce in ka haɗa dogo da gajere a kaya ɗaya, nauyin gangarowa yake yi kan gajeren, shi ya mutu da wahala, dogon kuma yana tafe yana zaton aiki yake yi. Ranar da na kawo masa littafina na nuna masa cewa abin da yake yi ɗin nan an rubuta shi da haruffa uku, ya kalli shafin ya kalle ni, ya ce, "To, Profesa, sai ka kawo haruffan su tura mana na gaba." Tun ban zama malami ba yake kirana Profesa, kuma ba don girmamawa ba.

Da ƙarfi ya ƙare, ya ɗauki Inna suka koma Djougou, gidan gado. Ni na zauna a Parakou na kama aikin koyarwa.

To, a unguwarmu a Djougou akwai wata magana da kowa ya tashi da ita. Ana cewa gawar mutumin kirki sauri take yi zuwa kabari, har tana jan masu ɗauke da ita, ta mugu kuwa nauyi take yi, ta cije, ta ƙi tafiya. Liman ya sha faɗa cewa a daina yanke wa mamaci hukunci a bakin hanya, amma ina! Mata ba sa zuwa maƙabarta, a gida suke zama, kuma tambayar farko da suke yi wa wanda ya fara dawowa ita ce, "Yaya makarar ta tafi?" Amsar da aka bayar ran nan ita ke bin gidan shekara da shekaru.

Ina gida hutun damina maƙwabcinmu ya rasu, wani dattijo mai sayar da goro, mutum mai sanyin hali da bai taɓa cin zalin ko kaza ba. Hanyar maƙabartarmu tana tsallaka babban titin da ya fito daga Parakou, sannan ta kama hawa, jar ƙasa ce mai santsi in an yi ruwa. Ran nan kuwa an yi. Ina tafe a baya ina kallon yadda aka ɗauko shi. A gaba ta dama wani dogon saurayi, ta hagu ƙanen mamacin, tsoho ne gajere. Na baya suna turawa don su hau, na gaba suna dogarewa don kada su zame. Makara ta karkace, ta yi gaba, ta yi baya, ta tsaya cak a gindin hawan. Sai na ji salati ya fara canja murya a cikin jama'a.

Baba ya kasa jurewa. Shekara talatin bai taɓa ganin an ɗauki kaya a karkace ya yi shiru ba. Ya kutsa gaba ya daka tsawa, "A sauke!" Saboda muryar nan tasa ta Gar, kafin kowa ya yi tunani an sauke makara a ƙasa. Ya shiga jera mutane, kai matsa nan, kai koma baya, ya dubi ƙanen mamacin ya ce, "Kai Alhaji, ka bi da addu'a." Ya ce, "Kafaɗa! Tashi!" Aka ɗauka, aka hau lami lafiya. Amma kafin mu gama binnewa labari ya riga mu gida: an sauke makarar wane a hanya, ta ƙi tafiya. Ba wanda ya ce laka ce, ba wanda ya ce tsawon mutane ne bai zo ɗaya ba.

Ni kuma, sabon malami, kai na rawa, na ga ya kamata in gyara. A wurin zaman makoki, a kan tabarmar mutane, na ɗauki tsinke na fara zane a ƙasa. Na ce nauyin marigayi bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba, gawa ba ta da abin da za ta ja kanta ko ta riƙe kanta da shi, na gaba ne suka cinye ƙarfin na baya. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, wanke shi nake so in yi. Babban ɗan mamacin, wani tela dogo irina, ya miƙe ya taka zanen da ƙafa. Bai ma kalle ni ba. Sai ya dubi Baba ya ce, "Ka mai da ubana buhun siminti a gaban jama'a. Za mu ga taka."

Maimakon Baba ya ba da haƙuri, sai ya ce, "In tawa ta zo, ku dai jeru daidai."

Daga ran nan gaisuwa tsakaninmu da unguwa ta bushe. Ba a yi gaba a fili ba, ana zuwa suna, ana zuwa ɗaurin aure, amma sama-sama. Baba ko a jikinsa, ko kuma dai haka ya nuna. Inna ce maganar ta zauna wa a ƙirji. Ta ga yadda matar marigayin ta daina fita taron mata, ta ji yadda ake yi wa jikokinsa gori a bakin famfo. Duk zuwan da zan yi gida sai ta sako zancen ta wata hanya, in ce mata, "Inna, don Allah ki bar wannan camfin, kafaɗun mutane ne kawai." Sai ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Shekara shida bayan haka, a tsakiyar damina, Baba ya kwanta ciwo. Na baro Parakou na zo na yi kwana takwas ina jinyarsa. Ya cika da safe, rana ta ɗan ɗago, ana yayyafi. Bayan an yi masa wanka Inna ta sa aka kira ni ɗakinta. Ba ta kuka. Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada a sauke shi a hanya."

Na ce, "Ba za a sauke shi ba, Inna." Na faɗa ne kawai, ban san da me zan cika alkawarin ba.

Baffa, wan Baba, shi ne babban gida. Ya ja ni gefe ya ce shi a ganinsa a nemo mota mai buɗaɗɗen baya a sa makarar, tunda hanya ta ɓaci. Na san abin da yake gudu, kuma gaskiyarsa ne, amma a unguwarmu baƙon da ba shi da kowa ake kaiwa a mota. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baffa! Mutumin da ya ɗauki kayan duniya a kafaɗarsa shekara talatin, shi ne za a rasa kafaɗar da za ta ɗauke shi? A gaya wa Inna an loda shi a mota?" Ya ce, "Kai da ubanka bakinku ɗaya, shi ya kawo mu nan." A nan aka bar zancen mota.

Na koma zaure na yi lissafi a zuci, abin da na iya ke nan. Al'adar ita ce mutum huɗu su ɗauka, jama'a su riƙa karɓa a hanya, wannan ya sa kafaɗa wancan ya huta. In jama'a suka karɓa, ba komai. In suka bi a baya kawai, to ni ne, da ƙanena, da 'ya'yan Baffa biyu, ɗaya ma bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Baba kuwa ƙato ne, ciwo bai rage shi sosai ba. Na auna nisan, na auna hawan, na auna lakar. Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Cikin waɗanda na buga wa waya har da wani tsohon abokin aikin Baba da ke zaune a unguwar Ganou a Parakou, wanda muke kira Kawu. Shi ya gaji Baba a shugabancin 'yan dako. Na gaya masa rasuwar. Ya ce, "Yaushe za a kai shi?" Na ce bayan la'asar, don ruwa ya hana masu haƙa gamawa da wuri. Ya ce, "To." Ya kashe waya. Ko "Allah ya jiƙansa" bai ce ba. Na bi wayar da kallo, na ce a raina, amanar 'yan Gar ke nan.

An yi salla, sahu ya cika, ba wanda zai ce unguwa ba ta fito ba. Da aka sallame muka ɗauka mu huɗu, ni a gaba ta dama, ƙanena ta hagu. Ya fi ni gajarta da kusan taƙi ɗaya, kuma na san abin da hakan ke nufi, amma ba yadda zan yi. Muka fita unguwa. Ina jin takun jama'a a bayanmu, ina jin salati, ina jiran hannun da zai taɓa ni ya ce kawo. Wani tsoho ya karɓi ɗan Baffa na ɗan lokaci ya mayar masa. Bayan shi ba kowa. Ba su ce ba za su ɗauka ba, sun dai goya hannu a baya suna tafe a natse.

Kafin mu kai babban titi ƙanena ya fara nishi. Makarar ta karkata wajensa, ina jin sandar tana zamewa daga kafaɗata. Muka tsallaka titi muka shiga laka, ga hawan a gabanmu, daidai inda aka sauke maƙwabcinmu. Takunmu ya ragu. Na baya suna turo mu, mu muna dogarewa, abin da na zana a ƙasa da tsinke shi ne yake faruwa a kaina. Ƙanena ya ce a hankali, "Yaya, ba zan iya ba." Na ce, "In ka sauke, ni da kai har abada." Mummunar magana ce, kuma na roƙe shi gafara daga baya.

A nan ne na ji ƙarar birkin babbar mota a titi bayanmu, da dirar ƙafafu a ƙasa, tim, tim, da yawa. Ban iya waiwayawa ba. Sai na ji murya irin ta Gar, wadda rabona da jin irinta tun ina yaro: "Kada wanda ya tsaya! Kada wanda ya sauke!"

Kawu ne. Daga baya na ji yadda aka yi. Yana kashe wayar ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya bi Gar da kasuwar Arzeke yana tattara mutane, tsofaffin da suka yi aiki a ƙarƙashin Baba da 'ya'yansu da suka gaji dakon, ya sami kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti, da zai yi arewa suka hau bayansa. Sun fi ashirin, duk sun yi fari fat da ƙurar siminti, ruwa ya jiƙa ta ta zama kamar kunu a jikinsu. Wasu ma ba Musulmi ba ne.

Bai gaishe da kowa ba. Ya zagaya makarar da sauri muna tafe, kamar yadda Baba ke zagaya tarago. 'Yan dako suna da yadda suke canjin hannu ba tare da an sauke kaya ba: mai karɓa ya shigo ta bayanka, ya sa kafaɗarsa dab da taka, ya ɗauki takunka, sai ya ce "na riƙe" sannan ka zame. Haka suka cire 'ya'yan Baffa, makarar ko girgiza ba ta yi ba. Aka zo kan ƙanena. Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi mutanensa, babu mai tsawona a kusa. Ya waiwaya cikin jama'a, ya miƙa hannu ya cafko hannun rigar wani. "Kai dogo, zo nan. Kai ne daidai da shi."

Telan ne. Kawu bai san shi ba, bai san komai a kan abin da ya wuce ba, tsawo kawai ya gani. Salati ya ɗauke ɗif. Ina kallonsa ta gefen ido, ya tsaya kamar zai fizge rigarsa. Kawu ya ce, "Yi sauri mana, yaron nan zai faɗi!" Sai ya shigo bayan ƙanena, ya sa kafaɗa, ya ce, "Na riƙe."

Nan take sandar ta zauna daram a kafaɗata. Wasu huɗu suka shiga tsakiya, wasu suka tallafa da hannu ta gefe, wasu suka riƙe ƙugun na baya don kada su zame. Kawu ya ce, "Kafaɗa!" Ya ce, "Tashi!" Sannan ya kama kalmar shahada da ƙarfi, yana yanka ta daidai da taku, kowa ya sa ƙafa tare.

Na ji makarar ta tafi. Da fari a hankali, sannan ta ƙara, ta kuma ƙarawa, muna hawa amma saurin ƙaruwa yake yi. Na san Baba bai rage ko kilo ɗaya ba. Na san kafaɗu ne suka ƙaru, kuma duk suka fuskanci wuri ɗaya, zan iya rubuta shi a allo in ja kibiyoyinsa. Duk da haka sandar tana jana gaba, ƙafafuna suna bin ta da ƙyar, a baya ina jin dattawa sun tattare riguna suna sassarfa, wani yana cewa, "Allahu akbar, gudu take yi!" Hular Baffa ta faɗi a laka bai tsaya ɗauka ba. A nan kuka ya ƙwace mini, wanda ban yi ba tun safe. A ƙofar maƙabarta sai da Kawu ya ce, "Na gaba, ku dogare," muka jingina baya da ƙarfi kafin ta tsaya.

Bayan an rufe shi, 'yan Gar da ba su sami sallar ba suka tsaya a bakin kabarin suka yi masa addu'a. Ina wanke hannu telan ya zo kusa da ni yana murza kafaɗa. Can ya ce, "Haka ya so ya yi wa nawa?" Na ce, "Haka ne. Shi dai ba shi da mutanensa ran nan, shi ya sa ya ce a sauke." Ya ce, "To." Ya wuce. Washegari shi ya fara zuwa zaman makoki, da tabarmarsa a hammata.

Da na koma gida na wuce ɗakin Inna kai tsaye, da laka har gwiwa da farin siminti a rigata. Mata sun cika ɗakin. Inna ta ce, "Yaya ya tafi?"

Na ce, "Ba a sauke shi ba, Inna. Gudu ya yi. Da ƙyar muka bi shi."

Ɗaki ya ɗauki hamdala. Inna ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka. Da mata suka ragu, halina bai bar ni ba, na ga kamar na yi mata rabin gaskiya. Na matsa kusa na ce, "Inna, kin san dai mutanen Gar ne suka zo. Kafaɗunsu ne."

Ta buɗe fuska ta harare ni, irin hararar da take yi mini tun ina ƙarami. Ta ce, "Kai kaɗai ka yi karatu? Shekara talatin ina wanke wa babanku gammo, kai ne za ka gaya mini kaya ba ya tafiya da kansa? Na sani tun ba a haife ka ba. Tsorona kada ya rasa masu sa masa kafaɗar."

Ta goge ido, ta ce in je in gaya wa mutanen nan kada su hau mota sai sun ci abinci.